Rina, Zanzaro da Ƙudan Zuma a Bangon Gida: Yadda Ake Gane Su da Yadda Ake Kawar da Su

Gabatarwa

Rina da zanzaro da ƙudan zuma suna daga cikin ƙwarin da suka saba zama kusa da mutane a birane da ƙauyukan ƙasar Hausa. Sukan yi gida a tsagar bangon ƙasa, ko cikin ramin bulo, ko ƙarƙashin kwano, ko tsakanin silin da rufi, ko a bakin rumbu. Sau da yawa mai gida ba ya ankara da su sai an harbi yaro ko dabba. 

Waɗannan ƙwari uku sun bambanta a ɗabi'a da yawa da kuma haɗari, saboda haka matakin da ya dace da ɗaya bai dace da ɗaya ba. Wannan bayani zai taimaka wa magidanta, da shugabannin makarantu, da masu shaguna su gane ƙwaron da ya shiga bangonsu kafin su taɓa shi, su san abin da za su iya yi da kansu da kuma abin da ya wajaba su nemi gwani a kansa.

Yadda ake gane su

A tsaya nesa da bangon kamar taki goma, da hantsi, a lura da bakin ramin na ɗan lokaci.

Zanzaro. Ƙwaro ne mai siririn ƙugu, galibi baƙi, wani da ratsin rawaya a ƙugu da ƙafafu. Shi kaɗai yake aikinsa, ba ya zama cikin taro. Macen ce take ɗebo laka ta gina ƙananan ɗakuna a jikin bango, ko bayan kabad, ko kusurwar taga. Takan kamo gizo-gizo ko tsutsar ganye, ta harbe su su sandare, ta cusa a ɗakin, ta saka ƙwai ɗaya, sannan ta liƙe bakin. Abin da ake tararwa idan an fasa gidan, mafi yawansa abincin da ta tanadar wa ɗanta ne. Zanzaro ba ya tsaron gidansa, kuma da wuya ya yi harbi sai an matse shi.

Rina. Ta fi zanzaro faɗa. Irin da aka fi gani a nan, wanda masana ke kira Belonogaster, doguwa ce mai launin ja-ja zuwa baƙi, tana tashi ƙafafunta na reto. Gidanta ba na laka ba ne. Takan kankaro busasshen itace ko kara, ta tauna da yawunta ya zama kamar takarda, ta saƙa ramuka masu kusurwa shida waɗanda bakinsu ke kallon ƙasa, duka a rataye da siririn maƙali. Rina na zama cikin taro, amma taron bai cika wuce gommai ba. Tana tsaron gidanta, kuma guda ɗaya na iya harbi sau da yawa domin ƙarinta ba ya maƙalewa a fata.

Ƙudan zuma. Ya fi su gajarta da kauri, jikinsa da gashi, kuma akan ga ƙullin garin fure a ƙafafunsa na baya idan ya dawo kiwo. Idan aka ga ƙwari na shiga da fita ba ƙaƙƙautawa ta rami ɗaya, ana jin gunji a cikin bango, ko aka ga danshi mai danƙo a jikin filasta ko silin, to zuma ce ta zauna. Gida ɗaya na iya ɗaukar ƙudaje dubu goma zuwa sama, kuma zumar Afirka ta Yamma tana da saurin fushi, tana bin mutum nesa. Wannan shi ne mafi haɗari a cikin ukun.

Dalilin da ya sa suke zaɓar bango

Abin da suke nema shi ne inuwa, da kariya daga ruwan sama, da ƙaramar ƙofa. Bulon siminti mai inci 6 ko inci 9 rami gare shi a ciki, kuma ramukan sukan haɗu daga sahu zuwa sahu. Idan aka bar bango babu filasta, ko aka bar hujin da aka fasa domin bututun ruwa, ko wayar lantarki, ko na'urar sanyaya ɗaki, an buɗe musu hanya ke nan. A ginin ƙasa kuwa, tsagar da damina ke bari, da bakin azara, da gefen indararo su ne mashigarsu.

Wasu bayanai da ake samu a intanet suna ba da shawarar a jira lokacin sanyi, gidan zai mutu da kansa. Wannan magana ta shafi ƙasashen Turai da arewacin Amurka ne, inda tsananin sanyi ke kashe taron rina duk shekara, sabbin sarauniyoyi kaɗai su tsira. Hunturunmu bai kai haka ba, kuma zuma takan shekara da shekaru a bango ɗaya idan ba a cire ta ba.

Shin dole ne a kawar da su?

Ba kowane gida ne ya wajaba a rushe ba. Rina na ciyar da 'ya'yanta da tsutsotsin da ke cin ganyen amfanin gona, ita kuwa zuma tana taimaka wa kankana da kabewa da riɗi da mangwaro wajen yin 'ya'ya. Gidan da yake can saman katangar baya, nesa da hanyar mutane, ana iya ƙyale shi. Amma ya kamata a ɗauki mataki idan gidan yana kusa da ƙofa, ko zaure, ko madafa, ko makewayi, ko turken dabbobi, ko wurin wasan yara, ko kuma akwai wanda harbi ya taɓa kai shi asibiti a cikin gidan.

Abubuwan da aka hana

1. Kada a toshe ramin alhali ƙwarin suna da rai. Idan aka rufe musu ƙofar waje za su nemi wata, kuma sau da yawa ta cikin ɗaki suke ɓullowa, ta gefen soket ko ta silin.

2. Kada a yi amfani da wuta, ko fetur, ko kalanzir. Tururin fetur na kamawa nan take, kuma a cikin bango da silin akwai wayoyin lantarki da katako. A gidan da ke da rufin ciyawa ko danga, musamman lokacin hunturu, tartsatsi ɗaya ya isa ya jawo gobarar da za ta shafi maƙwabta.

3. Kada a zuba maganin ƙwarin gona ko fiya-fiya a bangon ɗakin kwana. A shekarar 2019 Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, ta hana sayar da Sniper da makamantansa na aikin gona a kasuwanni da kantuna, saboda yawan amfani da su ba bisa ƙa'ida ba. Haka nan ƙwayar da ake sa wa buhunan hatsi tana fitar da iskar guba mai kisa, bai halatta a jefa ta a ramin bangon da mutane ke kwana a bayansa ba.

4. Kada a bar yara su yi jifa ko tsokana da sanda. Idan aka murƙushe rina ko zuma, warin da ke fita daga jikinta na kiran sauran su kawo hari.

Yadda ake kawar da gidan zanzaro

Wannan ba ya buƙatar magani. A kankare lakar da cokalin birkila ko wuƙa lokacin da uwar ba ta nan, a share, a goge wurin da ruwa. A riƙa duba hujin makulli, da bututun janareta, da na murhun gas da aka daɗe ba a kunna ba, domin zanzaro na son liƙe irin waɗannan wurare.

Yadda ake kawar da gidan rina

Babban mutum mai lafiya, wanda harbi bai taɓa yi wa mummunar illa ba, zai iya wannan aiki idan gidan ƙarami ne kuma hannu na kaiwa daga ƙasa.

1. A zaɓi lokaci. Bayan faɗuwar rana ko da asuba kafin gari ya waye, rina duk tana gida kuma ba ta da kuzari.

2. A sanar da mutanen gida da maƙwabta. A shigar da yara ɗaki, a rufe tagogi, a kawar da abinci da ruwan sha, a kwance dabbobin da ke ɗaure kusa a kai su nesa, domin dabbar da ke turke ba ta iya gudu.

3. A fara liƙe duk wata kafa ta cikin ɗaki da ke daura da wurin. Idan akwai waya ko soket kusa, a kashe wutar lantarki.

4. A sa tufafi masu kauri: riga mai dogon hannu, wando a cusa cikin safa, takalmi rufaffe, safar hannu, da raga a fuska. Babbar riga ba ta dace ba, domin ƙwaro na shiga ta hannunta. Kada a shafa turare.

5. Kada a riƙe tocila a hannu, domin haske suke bi. A ajiye ta a ƙasa can gefe, ko a rufe bakinta da jan ƙyalle.

6. Idan gidan a fili yake, a fesa masa maganin ƙwari na gwangwani mai lambar rajistar NAFDAC, a bi umarnin da ke jikinsa, a ja da baya nan da nan. Ruwan omo mai kauri da aka watsa ya jiƙa su sosai ma yana kashe su, muddin babu waya kusa.

7. Idan gidan a cikin rami yake, feshi ba ya cika kaiwa ciki. Maganin hoda na ƙwarin gida ya fi aiki: a busa shi a bakin ramin, a bar ramin a buɗe, masu shiga su kai shi ciki a jikinsu.

8. A jira kwana biyu zuwa uku ana lura daga nesa. Idan har yanzu akwai motsi, a maimaita. Sai an tabbatar babu mai shiga ko fita sannan a cire gidan, a toshe ramin da siminti ko laka.

Kada a hau tsani da dare domin wannan aiki, kuma kada mutum ya yi shi ba tare da wani na kallonsa daga nesa ba.

Idan zuma ce

Wannan ba aikin mai gida ba ne. A nemi gogaggen mai kiwon zuma wanda yake da rigar kariya da abin hayaƙi, ko a tuntuɓi sashen aikin gona ko na duba-gari a ƙaramar hukuma. Galibi sai an fasa wani sashe na bangon an kwashe saƙar baki ɗaya. Idan aka kashe ƙudajen aka bar saƙar a ciki, zafi zai narkar da ita ta ɓata bango, ta jawo tururuwa da kyankyasai da ɓeraye, kuma ƙamshin kakin zai kira wani taron ya sake zama. Zumar da aka fesa wa magani ba a shanta, ba a kuma sayar da ita. Taron zuma da ya sauka ya dunƙule a reshe ko a jikin katanga kuwa, yawanci hutawa yake yi, yakan tashi cikin kwana ɗaya zuwa uku idan ba a tsokane shi ba.

Wanda zuma ta taso wa ya rufe fuska da riga, ya ruga ɗaki ko mota ya rufe. Kada ya tsaya kaɗe-kaɗe da hannu, kada kuma ya faɗa ruwa, domin za su jira shi ya ɗago.

Taimakon farko ga wanda aka harba

A fara matsar da shi daga wurin. Idan zuma ce, a cire ƙarin da ya maƙale cikin gaggawa, da farce ko gefen kati. A wanke da ruwa da sabulu, a ɗora ƙanƙara a cikin ƙyalle ko tsumma mai ruwan sanyi na kamar minti 10. A cire zobe ko awarwaro kafin kumburi ya kama. Farasitamol na rage zafi, kuma ma'aikacin lafiya zai iya ba da maganin ƙaiƙayi. Kada a tsaga wurin, kada a shafa kalanzir ko man birki ko ƙasa. Kumburi na iya ƙaruwa kwana ɗaya ko biyu, ya saɓe cikin mako guda.

A garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: wahalar numfashi ko shaƙewar murya; kumburin leɓe, ko harshe, ko maƙogwaro; borin jini a duk jiki; jiri, ko amai, ko suma; harbi a cikin baki ko kusa da ido; harbi masu yawa, musamman ga yaro ko tsoho. Alamomin farko sukan bayyana cikin mintoci kaɗan, kuma allurar adirenalin ce maganinsu, ba jiƙo ko shafe-shafe ba. Kafin a isa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa; idan numfashi ne ya yi wuya a bar shi a zaune; mai juna biyu ta kwanta ta gefen hagu. Kada a sa shi tafiya da ƙafa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Wanda aka yi wa harbi da yawa, idan fitsarinsa ya ragu ko ya yi duhu a kwanakin da suka biyo baya, ya koma asibiti, domin dafi mai yawa na taɓa ƙoda.

Rigakafi

A yi wa bangon bulo filasta ciki da waje, a cike gefen kowane bututu da waya. Masu ginin ƙasa su yi yaɓe kafin faɗuwar damina, su sake duba tsaga bayan ɗaukewarta. A sa raga a tagogi da ramukan shan iska na silin. A rufe kwandon shara, kada a bar ɓawon rake ko mangwaro ko ragowar kayan zaƙi a tsakar gida. Sau ɗaya a wata a zagaya a duba ƙarƙashin kwano da bayan ɗakuna, domin gidan rina da bai wuce ramuka kaɗan ba cire shi abu ne mai sauƙi. Masu haya su sanar da mai gida da zarar sun ga alama, su kuma shugabannin makarantu su sa a duba azuzuwa da makewayi kafin ɗalibai su dawo daga hutu.