Kwalejin Katsina da Tarbiyyar Zama Tare

Ran 5 ga watan Maris, 1922, Gwamnan Nijeriya, Sir Hugh Clifford, ya buɗe Kwalejin Katsina, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ko da yake an riga an fara karatu tun 1921. Nufin Turawa shi ne a horar da samari Musulmi su zama malaman makarantun lardunan Arewa. Amma wanda ya bi tarihin makarantar zai ga abin da ta haifar ya zarce wannan nufi, kuma ba a cikin aji kaɗai aka yi aikin ba.

Babban abin da ta yi shi ne tara yara daga ƙasashe masu nisa da juna, ta zaunar da su wuri guda shekara biyar, su ci tare, su yi salla tare. Ahmadu Bello ya zo daga Sakkwato a 1926, Abubakar Imam daga Kagara a 1927, Abubakar Tafawa Balewa kuwa daga Bauchi a 1928. Watau daga 1928 zuwa 1931 su ukun nan suna makaranta ɗaya, kowa ya san halin ɗan'uwansa tun ba wanda ya zama kowa.

Ba a kuwa bar wani sashe na yaro ba a kula da shi ba. Cikin aji da Turanci ake karatu. Malam Bello Kagara, wanda ya rubuta Ganɗoki, yana cikin masu koyar da Larabci da addini, don kada ilmin boko ya raba yaro da asalinsa. Bayan an tashi daga aji sai filin wasa, inda ake kurket da wani wasa da aka kawo daga makarantar Eton ta Ingila, na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Ahmadu Bello ya shugabanci 'yan wannan wasa, bai kuwa bar shi ba har ya zama Firimiya.

An mai da makarantar Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, aka sa mata suna Barewa a 1971. A can aka sa wa gidajen kwanan ɗalibai sunayen malaman farko, irin su Bello Kagara da Nagwamatse da Bienemann da Mort, don yaro ya san yana da magabata. Zumuncin nan bai hana saɓanin ra'ayi ba. Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu a Kaduna, shi ya zama jagoran NEPU, mai hamayya da jam'iyyar Sardauna da Balewa.

Sai dai tilas a faɗi inda aka gaza. Ɗaliban kaɗan ne, ba mace ko ɗaya, kuma da yawansu 'ya'yan gidajen sarauta ne da na malamai. Ɗan manomin auduga na Tsiga, ko na sauran ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi, da wuya hanyarsa ta kai ƙofar Kwalejin, ko da yake cikin ƙasar Katsina take. Zumuncin da aka gina na 'yan tsiraru ne, su ne kuma suka riƙe mulki daga baya.

Yau makarantun sakandare sun kai karkara, amma da yawansu na jeka-ka-dawo ne, yaro ya tashi daga aji ya wuce gona ko kasuwa. Ba gidan kwana, sau da yawa ba malamin da ya san shi bayan an kaɗa ƙararrawa. Ginin tsohuwar Kwalejin yana nan a Katsina, ya zama gidan tarihi. Aikin da ya rage wa masu tsara ilmi shi ne yadda za a ba ɗan talaka irin tarbiyyar da aka taɓa keɓe wa 'yan kaɗan a cikinsa.