3.2 Bagaruwa da Sana'ar Jima a Yankin Fakku

Bagaruwa, ko gabaruwa kamar yadda wasu ke kiran ta, itaciya ce mai ƙaya wadda ta fi son ƙasar laka da bakin fadama. A yankin Fakku ta Ƙaramar Hukumar Kebbe, kamar sauran ƙasar Tambuwal, ba a cika shuka ta da hannu ba. Awaki da tumaki ne ke cin 'ya'yanta, su kasayar da ƙwayar a gona ko makiyaya, ta tsiro da damina. Aikin manomi shi ne ya ƙyale ta idan ya zo noma, ya riƙa sassabe mata rassan ƙasa.

Babban dalilin wannan kulawa shi ne jima. Majemi yakan daka busassun 'ya'yan bagaruwa a turmi, ya jiƙa garin, sannan ya tsoma fatar da aka riga aka cire wa gashi da ruwan toka. Ruwan bagaruwa ne ke kama fatar ya hana ta ruɓewa. Bayan haka dukawa su rina ta ja da karan dafi. Ke nan akuyar da ta yaɗa irin itaciyar, da 'ya'yan itaciyar ake jeme fatarta.

Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun kafin zuwan Turawa. Fatake kan kai ta Kano, daga nan ayari ya ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, har Turai ta san ta da sunan fatar Maroko. Wannan suna kuwa ya tauye haƙƙin majeman ƙasar Hausa.

Al'amarin ya sauya bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kuma kai Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanonin Turawa sun fi son busasshiyar fata wadda ba a jeme ba, domin su jeme ta da sinadari a ƙasarsu. Wannan ya rage wa majema kasuwar nesa, sai ta gida: layu, kube, takalma da kayan doki. Farin 1973 da na 1984 sun ƙara matsa wa itatuwan yankin, saboda saran ganye don dabbobi da neman itacen girki.

Duk da haka ba a daina neman bagaruwa ba, domin mata na dafa 'ya'yanta don gudawa da ciwon baki, majeman gargajiya kuma da ita suke aiki.