Zagayowar ranar haihuwar Céline Dion: autar ’ya’ya 14 da muryarta ta zagaye duniya

Ranar 30 ga watan Maris ce ranar haihuwar Céline Dion, mawaƙiyar ƙasar Kanada. An haife ta a 1968 a Charlemagne, wani ƙaramin gari kusa da birnin Montréal, a jihar Kebek inda ake magana da Faransanci. Ita ce auta cikin ’ya’ya 14 na Adhémar Dion da matarsa Thérèse, iyalin da ba su da wadata amma kiɗa da waƙa ba su yankewa a gidansu.

Tana da shekara 12 mahaifiyarta da yayanta Jacques suka tsara mata waƙarta ta farko, aka ɗauke ta a kaset, aka aika wa René Angélil, wani mai kula da harkokin mawaƙa. Muryar yarinyar ta ratsa shi har ya jinginar da gidansa don biyan kuɗin faifanta na farko, wanda ya fito a 1981. Da faifan bai karɓu ba, da gidan ya salwanta.

Kasadar ta yi riba. A 1982 ta ci lambar zinariya a gasar waƙa ta birnin Tokiyo, a 1983 ta zama ’yar Kanada ta farko da ta samu faifan zinariya a Faransa, sannan a 1988 ta lashe gasar Eurovision da sunan ƙasar Suwizalan. Ta duƙufa koyon Ingilishi, ta fitar da faifanta na farko cikin harshen a 1990.

Duk da haka ba ta yar da harshen gida ba. Faifanta D’eux na 1995, wanda ta yi da Jean-Jacques Goldman, shi ne faifan Faransanci da aka fi saya a tarihi. Waƙar fim ɗin Titanic ta biyo baya a 1997.

René, wanda ta aura a 1994, ya rasu a 2016. A Disamban 2022 ta bayyana cewa tana fama da wata cutar jijiyoyi mai sanƙarar da jiki, wadda ta tilasta mata soke wasanninta. Ranar 26 ga Yulin 2024 ta sake fitowa, ta rera waƙa daga hasumiyar Eiffel a bikin buɗe wasannin Olamfik na birnin Paris.