Ƙugiya mai kan dalma: Yadda ake zaɓen launinta a kogunan arewacin Zamfara

Ƙugiya mai kan dalma ƙugiyar fatsa ce da aka zuba wa dunƙulen dalma a wuya, dab da inda ake ɗaura zare. A jikinta ake soka koton roba, wato roba mai taushi da aka yi ta a siffar tana, ɗan kifi ko kwaɗo. Dalmar ce ke nutsar da koton, mai fatsa kuma yana ɗaga sandarsa yana saukewa, sai robar ta riƙa tsalle a ƙarƙashin ruwa kamar abu mai rai.

An fara yin tanar roba irin ta yau a shekarar 1949, a birnin Akron na Jihar Ohio da ke Amurka, a hannun wani mutum mai suna Nick Creme. Daga can ta bazu a duniya. A Galadi da sauran garuruwan Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda, masunta sun fi sabawa da tana, gara da hanjin kaza a bakin ƙugiya, sai kuma kalli da birgi. Amfanin koton roba shi ne ba ya ruɓewa, kuma guda ɗaya kan kama kifi da dama. Sai dai kaya ne na waje mai tsada, ana kuma fenta kan dalmar da launuka barkatai, don haka wanda bai san abin da yake nema ba zai iya ƙarar da kuɗinsa a kan abin da idonsa kaɗai ya burge.

Yadda ruwa ke cinye launi

Launin da mutum ya gani a tudu ba shi kifi ke gani a ƙasan ruwa ba. A ruwa garau, ja ne ke fara dusashewa, domin kafin a kai zurfin mita biyar ya koma duhu-duhu. Ruwan goro ke bin sa, sannan rawaya, sai kore. Shuɗi ne ya fi kowanne nisa. A ruwa mai laka kuwa, hasken kansa ne ke ƙarewa tun daga sama, abin da kifi ke hangowa shi ne inuwar koton da motsinsa.

Wannan ya shafi yankin kai tsaye. Kogin Gagare da ya ratsa Ƙaura Namoda da Kogin Bunsuru da ya bi ta ƙasar Zurmi suna haɗuwa su shiga Kogin Rima. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, suna cika da jan ruwa mai laka. Da rani kuma su janye su bar tafkuna, lakar ta kwanta, ruwan ya ɗan washe. Ruwa mai zurfi da ke zama duk shekara sai a madatsu, kamar ta Goronyo da ke kan Rima a Jihar Sakkwato, wadda aka kammala a 1984, da ta Bakolori kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978.

Wane kifi ake nema?

Koton roba ya fi aiki a kan kifin da ke farauta da ido. Giwan ruwa na da ido mai tara haske, shi ya sa take kai farmaki da asuba da almuru. Tsage ma da ido yake bin ƙananan kifaye, amma haƙoransa na yanka roba da zare, sai an haɗa da guntuwar waya. Tarwaɗa da kurungu kuwa da gashin bakinsu suke laluben abinci, ƙamshi da ɗanɗano ke jawo su, launi bai dame su ba. Ban da ido, kifi na da wani layi a gefen jikinsa da yake jin girgizar ruwa da shi. Ke nan a ruwan laka, wutsiyar roba mai kaɗawa ta fi kowane fenti tasiri.

Ƙa'idojin zaɓe

A jan ruwan damina, baƙin kai ya fi fitar da inuwa. Idan rana ta take, rawaya mai ɗaukar ido ko ruwan goro na taimakawa.

A tafkunan rani da ruwa ya washe, kifi na ƙare wa koto kallo kafin ya kai baki. A nan an fi son kan ya dace da launin robar, kamar fari a kan fari, ko a bar dalmar da tokarta ba fenti.

Da asuba, da almuru, ko ranar hadari, fari ko baƙi sun wadatar.

A zurfin madatsa, ja da baƙi kusan ɗaya suke, ba sai an sayi duka biyun ba.

Nauyi na gaba da launi. Kai mai giram 3 zuwa 7 ya isa tafki marar zurfi, amma ruwa mai gudu ko mai zurfi na buƙatar giram 10 zuwa 14 ko fiye. Idan koton bai sauka inda kifi yake ba, launinsa bai da amfani. Mai baƙi, fari da rawaya a nauyi biyu ko uku ya haɗa abin da kogunan yankin ke buƙata.

Haɗarin dalma

Dalma guba ce. A 2010 aka gano cewa ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinari a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Ingila ma ta haramta amfani da galibin ƙananan dalmar fatsa tun 1987, saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta suna mutuwa.

Fenti ba ya kawar da wannan haɗari, domin yana ɓarewa da zarar kan ya gogi dutse. Bai kamata a narka dalmar tsohon batir a tsakar gida ko a tukunyar girki don ƙera kawunan ƙugiya ba, bai kamata a cije ta da haƙori ba, kuma a ajiye ta nesa da hannun yara. Wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta, kafin cin abinci, wajibi ne.