Tabkunan Adar: wa ya tsaida ruwan, wa zai kwashe yashin?



A ƙasar Japan, gindin dutsen Fuji mai tsawon mita 3,776, akwai wani ƙauye da ake kira Oshino. Tabkuna takwas gare shi, ruwansu garau har mutum na hangen ƙasan tabkin. Ƙanƙarar da ke narkewa bisa dutsen ce ke nutsewa cikin ƙasa, ta yi shekaru tana tacewa kafin ta ɓullo. A da, masu ziyarar dutsen nan suke wanka kafin su hau. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tabkunan cikin kayan tarihin duniya tare da dutsen.

To, mu ma ai mutanen dutsi ne, sunan yankin ma Adar Dutsi Majiya. Sai dai namu dutsen ba ya aje ruwa da kansa. Wata uku zuwa huɗu ake ruwa, ya bugi fako, ya gangaro kwari a guje, ya kwashe ƙasar gona ya wuce. Dattawa na cewa a farkon shekarun 1960 akwai itatuwa sosai bisa tudunnan, su ke rage ma ruwa gudu. Farin 1973 zuwa 1974 ya ci rabonsa, gatari ya ci nasa, sannan 1984 ta zo da yunwar da ake kira El Buhari.

Kafin nan an riga an fara wani yunƙuri ta wajen Buza. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka soma shuka layukan dogon yaro cikin kwarin Majiya, daga Garadume, don tare iska. Amma babban aikin ruwa ya zo ne a 1984, zamanin Seyni Kountché, da furojen Keita: kuɗin ƙasar Italiya, jagorancin FAO, abinci kuma daga PAM.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ba a jiran ruwa ya iso fadama da ƙarfinsa, tun daga kan dutsi ake tare shi. A saman tudu a jera duwatsu a yi kunya mai tsawo, a gangare a haƙa ramuka a shuka icce, cikin kwari a gina shinge na gabiyo, wato duwatsu cikin ragar waya, can ƙasa kuma baraji. Duk inda ruwa ya tsaya sai ya nutse, rijiyoyi su samu. Kun ga abin da dutsen Fuji ke yi ma mutanen Oshino kyauta, mu da hannu aka yi mana shi.

Hannun wa? Nan ne ya kamata mu daɗe. Maza da yawa sun tafi bida, gari ya rage mata, tsofaffi da yara. Mafi yawan masu aikin furojen mata ne. Su suka ɗauki dutsi a ka, su suka riƙe diga da shebur cikin rana, da goyo a baya, ladarsu kuwa abincin PAM ne na yini. Cikin kimanin shekara 20 an farfaɗo da fiye da hekta 34,000, an shuka itatuwa wajen miliyan 18, an gina baraji kusan 40. Turawa sun rubuta littattafai kan Keita, baƙi sun zo kallo daga ƙasashe. Wallahi da wuya ka ga inda aka rubuta sunan mace ɗaya daga cikinsu a jikin baraji. A ganinmu wannan bashi ne bisa wuyan yankin nan.

Amfanin dai kowa ya gani: dabbobi na shan ruwa har cikin rani, garake sun yawaita, albasa da tumatir na fita a buhu da kwando.

Amma tabkin da aka yi da hannu yana da abokin gaba, shi ne yashi. Kowace damina kwari na kawo nasa kaso. Barajin Ibohaman, wanda ya girmi furojen Keita, yashi ya cinye mashi wuri mai yawa, manoman wurin sun fi kowa sani. Wayar gabiyo na tsatsa, ta tsinke, dutsi ya watse, kwari ya koma tsohuwar hanyarsa. Furoje ya nannaɗe tabarmarsa, abincin yini ya ƙare. A zaɓen 2004 muka samu komin da magadan gari, amma kasafin kominmu na karkara ba ya iya yashe baraji, gyaran shinge ɗaya da ya fara tsagewa kuwa aikin gayya ne na ƴan kwanaki, in an yi shi kafin ruwan farko.

Don haka muna roƙon ku: kowa ya rubuto mana sunan baraji ko shingen da ke garinsu, da watan da ruwansa ke ƙafewa yanzu, da watan da yake kaiwa a da. In akwai wata tsohuwa a gidanku da ta yi aikin dutsi a furojen, ku tambaye ta ko za ta yarda mu zo da makirfo.