Sauya Sheƙa da Lamba a Hannu

A ranar 22 ga Afrilu, 2013, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, wadda hedikwatarta ke unguwar Maitama a Abuja, ta ƙaddamar da tsarin da ya ba mai layi damar barin kamfanin wayarsa ya koma wani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Bahaushe ba ya buƙatar ƙirƙiro wa wannan abu suna, domin 'yan siyasar birnin sun daɗe da koya wa kowa ma'anar sauya sheƙa. Waɗanda suka ga lokacin za su tuna da tallar da ta karaɗe gidajen talabijin, inda ɗan wasan barkwanci Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka, da a baya yake yi wa Etisalat talla, ya bayyana cikin koren kaya, kafin a ankara kayan sun rikiɗe sun koma ruwan ɗorawar MTN. An yi dariya, an yi tsokaci, sannan ƙura ta lafa. Bayan 'yan shekaru masu sharhi suka duba alƙaluman hukumar, suka ga masu sauya kamfani a wata ba su wuce 'yan dubbai ba, a ƙasar da layukanta suka haura miliyan ɗari, sai suka yanke hukuncin cewa tsarin bai ci nasara ba. Ina ganin sun yi awo da mudun da ba nasa ba. Abin da aka yi a 2013 shi ne warware wata tsohuwar tambaya, wato lambar nan ta wace ce, kuma an ba ta amsa iri uku cikin ƙasa da shekara talatin.

Amsa ta farko ita ce lamba ta wuri ce. A zamanin NITEL, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1985, wayar tarho tana daure da bango, igiyarta ta bi ta kan falwaya zuwa ofishin haɗa kira. Lambobin farko suna faɗa maka garin da za ka kira: 01 Legas, 064 Kano, 062 Kaduna, 060 Sakkwato, Abuja kuwa 09. Lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta taso daga Legas zuwa sabon babban birni a watan Disamba na 1991, ma'aikata sun kwaso fayiloli da iyali, amma lambobinsu sun zauna inda suke, sai da aka nemi sababbi. Neman kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Har zuwa shekara ta 2000 layukan da ke aiki a duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, ga jama'a sama da miliyan ɗari. Mutum zai cike takarda ya jira watanni ko shekaru, in ba shi da uwa a gindin murhu. Akwai wayar hannu mai lamba 090 a shekarun 1990, amma ta manya ce, ana riƙe ta don a gani kamar yadda ake riƙe ta don a kira. Talaka sai dai ya je ofishin NITEL ya bi layi, ko ya roƙi maƙwabci mai tarho ya aiko yaro idan an buga masa.

Amsa ta biyu ta zo ne daga Abuja, a watan Janairu na 2001, inda NCC ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane lasisi a kan dala miliyan 285. A watan Agusta na wannan shekara Econet da MTN suka soma aiki. Daga nan lamba ta rabu da bango, amma ta faɗa hannun kamfani. Kowa ya haddace: 0802 Econet, 0803 MTN, 0804 M-Tel, sai 0805 da Globacom ta zo da shi a 2003 tare da cajin kira bisa daƙiƙa, sannan 0809 na Etisalat a 2008. A farkon lamarin sai mutum ya kashe dubban nairori kafin ya mallaki layi kawai, ban da kuɗin waya, kuma minti ɗaya naira hamsin ne ko da sallama kaɗai aka yi. Abin ya yi tsanani har masu layi suka kashe wayoyinsu na yini guda a watan Satumba na 2003 don nuna fushi. Yajin ya nuna iyakar ƙarfinsu, domin washegari kowa ya kunna wayarsa a kan layin da ya kashe ta. Akwai abin dariya a nan ma. Kamfanin da ke riƙe da 0802 ya yi ta sauya suna, daga Econet zuwa Vmobile, zuwa Celtel, zuwa Zain, har ya tsaya a Airtel a 2010. Masu hannun jari suna shiga suna fita yadda suka ga dama, mai layi ne kaɗai ba shi da hanyar fita.

Sai an dubi yadda ake zama a Abuja sannan za a gane nauyin wannan ɗauri. Birni ne da mafi yawan mazaunansa baƙi ne, kuma da yawa daga masu yi masa aiki ba a cikinsa suke kwana ba. Suna fitowa da asuba daga Nyanya da Kubwa da Zuba, wasu ma daga Mararaba a jihar Nasarawa ko Suleja a jihar Neja. Kuɗin haya yana tayar da mutum daga gida duk bayan shekara biyu, rusau ɗin da aka yi a zamanin da Nasir El-Rufai ke ministan birnin, tsakanin 2003 da 2007, ya tayar da unguwanni sukutum. A irin wannan gari adireshin gida ba abin dogaro ba ne. Makaniken da ke Apo, da mai gyaran famfo, da direban tankar ruwa, da mai kawo tumatir daga Kano zuwa kasuwar Dei-Dei, duk lambar waya ce shagonsu na gaskiya. Ita ake rubutawa da gawayi ko fenti a jikin katanga, ita ake mannawa a bayan mota. Wanda ya shekara goma yana raba lamba ɗaya ga abokan ciniki ba zai jefar da ita don sabis ya yi rauni a unguwarsu ba. Zai haƙura ya riƙa hawa tudu yana ɗaga waya sama. Kamfanoni sun san da haka, kuma wanda ya san ba za a guje shi ba, ba ya gaggawar gyara.

To amma jama'a ba su zauna jiran hukuma ba. Tun da ba a iya ɗauke lamba, sai aka ƙara lambobi. Mai hali ya riƙe waya biyu ko uku, ɗaya a kowane aljihu. Marar hali ya riƙe waya ɗaya, sauran layukan ya ɓoye su a bayan batir ko cikin ledar katin shaida, yana cirewa yana sakawa gwargwadon wanda zai kira, saboda kira tsakanin layukan kamfani ɗaya ya fi araha. Sai ga wayoyin China masu gurbin layi biyu, Tecno da itel da ire-irensu, har da masu uku da huɗu, suka cika Banex Plaza da ke titin Aminu Kano a Wuse 2, kamar yadda suka cika Farm Centre a Kano. Kafin NCC ta kammala shirinta, kasuwa ta riga ta sama wa ciwon magani mai rahusa. Ba wai Najeriya ce ta ƙirƙiro tsarin sauya sheƙar ba, ta ma zo a makare: Birtaniya da Hong Kong sun fara a 1999, Amurka a 2003, Afirka ta Kudu a 2006, Kenya da Ghana a 2011.

Yadda aka tsara shi ba wuya. Mai layi zai je ofishin kamfanin da yake son komawa, ba wanda zai bari ba, ɗauke da katin shaida da tsohon layinsa a waya. Zai cike takarda, ya aika kalmar PORT zuwa 3232, a ba shi sabon layi a hannu. Cikin awa 48 tsohon zai mutu, sabon ya tashi da lambar da aka sani. Ba a biyan ko sisi, sai dai kuɗin kati da datar da suka rage a tsohon layin sun tafi ke nan, kuma a dokar farko sai mutum ya cika kwana 90 kafin ya sake yin ƙaura. A tsakiya akwai rumbun bayanai guda da duk kamfanonin ke dubawa kafin su kai kira, don su san inda lambar take kwana yanzu. Hikimar tura mutum wurin sabon kamfani ba ƙarama ba ce. Da tsohon za a je neman sallama, da an sha jeka-ka-dawo.

Masu cewa tsarin ya gaza suna da hujja ta gaske: mutane ƙalilan ne suka yi amfani da shi. Sai dai ƙofar fita tana aiki ko ba a bi ta cikinta ba, domin mai gida ya san tana nan. Watannin da suka biyo bayan ƙaddamarwar sun cika da garaɓasar kati da data, da kiran abokan hulɗa ana lallashi, abin da ba a saba gani ba. Ba zan ce tsarin ne kaɗai ya jawo haka ba, gasa tsakanin kamfanoni huɗu da sauƙin riƙe layi biyu sun yi nasu aikin. Amma a duba wanda yake sauyawa. Ba mai layin filashin ba ne, wanda zai yar da shi gobe ya sayi wani. Mai tsohuwar lamba ne, wanda ya fi kowa kashe kuɗi, kuma shi ne a da ya fi kowa zama fursuna. Dubu goma irinsa sun fi miliyan ɗin layukan da ke kwance a aljihun tebur. An ga amfanin ƙofar ƙarara lokacin da Etisalat ta koma 9mobile a 2017 bayan rikicin bashi da bankuna, masu 0809 suka yi ta ficewa a shekarun da suka biyo baya da lambobinsu a hannu.

Akwai ƙorafi na biyu, cewa an ɓata wa mutane lissafi, tun da 0803 ba lalle ta zama MTN ba kuma, mai kira bai san ko cikin gida yake kira ko waje ba, mai sayar da kati ma sai ya tambaya kafin ya tura. Gaskiya ne, an yi wannan asara. Amma ta ragu da kanta yayin da tsare-tsaren kira masu farashi ɗaya zuwa kowane layi suka yawaita, hira kuma ta koma WhatsApp, inda ba ruwan kowa da kamfanin da kake.

Ƙorafi na uku shi ne mai nauyi, kuma ban ga yadda za a ture shi gaba ɗaya ba. Yana cewa lamba ba ta taɓa zama ta mai riƙe da ita ba. A ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003, lambobi dukiyar ƙasa ce da NCC ke rabawa, kuma layin da ya daɗe ba a amfani da shi ana iya karɓe shi a sayar wa wani. Haka ake samun wanda ya sayi sabon layi yana karɓar alat na bankin mutumin da bai taɓa gani ba, ko iyali su buga lambar mamacinsu baƙuwar murya ta amsa. Bayan haka, a daidai lokacin da lamba ke kuɓuta daga kamfani, gwamnati tana ƙara riƙe ta. An fara rajistar layuka da hoto da zanen yatsa a 2011. Babban Banki ya fito da lambar tantance masu asusun banki, wato BVN, a 2014. A watan Disamba na 2020 ministan sadarwa Isa Ali Pantami ya ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, aka dakatar da sayar da sababbin layuka har zuwa Afrilun 2021, sauya kamfani ma ya tsaya cak a wannan tsakani, jama'a suka yi cincirindo a ofisoshin hukumar NIMC mai ba da lambar ana tsakiyar annobar korona. 'Yancin da takarda ɗaya daga ma'aikata za ta iya rufewa na wata huɗu, in ji masu wannan ra'ayi, aro ne. Na yarda aro ne. Abin da nake ƙarawa shi ne rajistar da ake kuka da ita ita ce ta sa sauya sheƙar ya yiwu. Ba za a bar mutum ya ɗauke lamba daga kamfani zuwa kamfani ba sai an tabbatar shi ne mai ita, in ba haka ba ɓarawon da ya fizge waya a mahaɗar Berger zai ɗauke lambar da asusun bankin da ke maƙale da ita kafin magariba. Amsa ta uku ke nan: lamba ta mutum ce, amma mutumin da hukuma ta rubuta sunansa. Wanda ɗan'uwansa ya yi masa rajista a 2011 don gudun dogon layi, shi ne yau ake mayarwa gida idan ya zo sauya kamfani ko yin walkam-bak, wato sake karɓar layin da ya ɓata.

Sauya wayar kanta ya bi irin wannan hanya, kuma a teburin masu gyara na Banex ake ganin ta da kyau. A shekarun farko komai yana cikin layi: sunaye ɗari biyu da wani abu, a cire daga tsohuwar Nokia a saka a sabuwa, shi ke nan. Da wayoyi suka soma zuwa da ƙaramin gurbi, sai ga yaro da ɗan ƙarfe mai kama da abin huda takarda yana datse gefen layi, mai shi yana tsaye gabansa na faɗuwa kada a yanke zinaren tsakiya. Yau aikin ya fi haka tsawo. Ana jera tsohuwar waya da sabuwa, hotuna suna wucewa ta Xender, mai waya yana dafe goshi yana ƙoƙarin tuno kalmar sirrin Gmail da wani ya buɗe masa shekara biyar da ta wuce. WhatsApp zai aiko lambobi shida ta saƙon tes, banki zai aiko nasa, OPay da PalmPay kuwa lambar wayar ce ma lambar asusu idan an cire sifilin farko. Duk waɗannan ba sa tambayar wace waya ce a hannunka, ko wane kamfani kake biya. Suna aika saƙo zuwa lambobi goma sha ɗaya, su jira amsa. Tun 2020, da MTN ta fara gwajin eSIM da izinin NCC, ɗan katin da ake datsewa ma ya soma ɓacewa daga wasu wayoyin, sai hoton murabba'i mai ɗigo-ɗigo da ake nuna wa kyamara a ofishin kamfani, bayan an duba yatsa an ga ya yi daidai da wanda ke rumbun NIMC.