Yaya ake tsorata mai riƙe da bindiga? Tarihin wasannin harbi masu ban tsoro

Idan kana buga wasannin bidiyo, ka san irin wanda kake kallon komai ta idon jarumin, ba abin da kake gani na jikinsa sai hannu da bakin bindiga. Masu son cusa tsoro a irin wannan wasa sun daɗe da wata matsala: tsoro yana zuwa ne idan ka ji ba ka da ƙarfi, ita kuwa bindiga ƙarfi take ba ka. Dodon da ka harbe sau goma, a na sha ɗaya ai ya zama abin nishaɗi.

Labarin ya faro da Doom, wanda ƙaramin kamfanin id Software na jihar Texas a Amurka ya fitar ranar 10 ga Disamba, 1993, ya kuma raba kashin farko kyauta. Akwai duhu, akwai aljanu, amma da ka tara makamai sai ya zama su ya kamata su ji tsoronka.

A 2010 kamfanin Frictional Games na ƙasar Suwidin ya yanke hukunci mai tsauri a wasan Amnesia: The Dark Descent, ya cire makami gaba ɗaya. Ko ka gudu, ko ka ɓuya. Wasan ya karɓu sosai, har aka yi shekaru ƙananan masu ƙirƙira suna bin wannan sawu.

Wasu kuma ba su yarda a jefar da bindigar ba. A 2012 wata 'yar ƙungiya mai suna Team Psykskallar ta fitar da Cry of Fear, wanda ta gina a kan tsohuwar manhajar Half-Life ta 1998, kafin ya fito kyauta a Steam a 2013. Kana yawo a titunan Stockholm da dare, hasken wayarka ne fitilarka. Dabarar a nan take: hannu biyu kawai gare ka. Idan ɗaya na riƙe da waya, babbar bindiga ba za ta ɗauku ba. Ga harsashi kaɗan, ga aljihu ba ya cin kaya da yawa. Kowane lungu sai ka zaɓa, ka gani ko ka kare kanka. A ganina wannan ita ce amsa mafi wayo da aka bayar, duk da cewa hotunan wasan sun tsufa tun ranar da ya fito.

Sai DUSK, wanda David Szymanski ya ƙirƙira, New Blood Interactive ta fitar ranar 10 ga Disamba, 2018, shekara 25 cif bayan Doom. Shi bai rage maka harsashi ba, gudu ma kamar iska kake yi a gonakin karkarar Pennsylvania. Abin da ya ƙwace maka shi ne sani. A wasu matakai tocilarka takan fashe, ka shiga ramuka cikin duhu. Akwai kuma dodon da ake kira Wendigo, wanda ba ya ganuwa sai harbinka ya same shi. Kana jin numfashinsa kusa da kai, bindiga cike a hannunka, amma ba ka san ta ina za ka saita ta ba.